Idan direba ba shi da inshora, wa zai biya kuɗin ƙafar da ya karya?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da mutum yake shiga idan mota ta buge shi, sannan aka bincika aka tarar direban ba shi da inshora. Ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa aiki a kamfanin inshora ba. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma abin da na sani game da wannan batu na koye shi ne a bakin gadon asibiti da kan bencin ofishin 'yan sanda, cikin watannin da na shafe ina kai da kawowa saboda ɗan yayana.

Ɗan yayan nan nawa tela ne a nan cikin garin Bauchi, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku. A azumin da ya wuce, ana saura kwana goma sha biyu Sallah, ya hau babur ɗinsa ya kai wa wasu mutane ɗinkinsu a wani ƙauye da ke kan hanyar Gombe, gaba kaɗan da gadar Dindima. Yana dawowa bayan la'asar sai wata motar haya ƙirar Sharon ta fito za ta wuce tirela, ta shigo hannunsa, ta kwashe shi da babur ɗin gaba ɗaya. Ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu, cinya da ƙwauri. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ne suka kawo shi asibiti, kuma dole in faɗi gaskiya cewa direban bai gudu ba, ya biyo su har ƙofar ɗakin gaggawa jikinsa yana rawa. Duk wanda ya san keken ɗinki na ƙafa ya san abin da ƙafar dama take ga tela, duk wanda kuma ya san teloli ya san cewa abin da suke samu a goman ƙarshe na azumi shi ne yake riƙe gidajensu watanni. Washegari da na je shagonsa na tarar da shaddoji da yadudduka na mutane jibge a kan tebur, wasu an yanka ba a haɗa ba, da allin da yake zana awo da shi ajiye a kan wata riga da ya bari rabi.

A rana ta uku sai ga tawaga ta iso asibiti: kawun direban, da wani dattijo daga ƙungiyar direbobi ta tashar da motar take lodi, da limamin unguwarsu. Sun zo da ledar lemo da ayaba, da ambulan mai ɗauke da naira dubu 50. Limamin ya yi addu'a mai kyau, sannan dattijon ya dubi yayana ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, ba wanda ya isa ya kauce mata. A yi haƙuri, a bar wa Allah." Yayana mutum ne mai kunya da kawaici, kuma a gaban dattawa irin waɗannan ba ya iya ɗaga kai ya yi ciniki, sai kawai ya ce, "Ba komai, mun yafe." Shi kuwa mai ƙafar yana kwance allurar kashe zafi ta sa shi barci, babu wanda ya tambaye shi. A lokacin nan kuɗin hoton ƙashi da jini da magunguna kaɗai sun riga sun haura abin da ke cikin ambulan ɗin, ba a ma kai ga tiyatar saka ƙarfe ba.

Da muka fito rakiya sai na ja dattijon gefe, na roƙe shi da a dakata da maganar rubuta wa 'yan sanda takardar janye ƙara, na kuma nemi ya nuna mini takardar inshorar motar. Ya kawo ta da yamma, manne da sauran takardun mota, da tambari da sa hannu, ba abin da za ka gani ka yi shakka. Wani ɗalibina na da, wanda ya fi ni sanin waya, ya shiga shafin askniid.org, inda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya take ajiye bayanan duk motar da ke da inshora ta gaskiya, ya rubuta lambar motar, aka ce babu ita. Direban ya rantse cewa shi bai san ta jabu ba ce, mai motar ne ya ba wani mutum kuɗi ya sabunta masa takardu gaba ɗaya, mutumin kuma ya kawo su a haɗe. Na yarda da rantsuwarsa, domin haka akasarinmu muke sabunta takardun mota: mu miƙa kuɗi ga wanda ya saba shiga da fita a harabar ofis, mu karɓi takardu mu jefa a aljihun mota, ba za mu sake dubawa ba sai an tsare mu a hanya.

Ya Edita, ya kamata masu karatu su san abin da aka yi asara a wannan wuri. Dokar da aka kafa tun shekarar 1945 ta wajabta wa duk mai abin hawa a ƙasar nan ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a kan hanya, ita ce a tasha ake ce wa tad fati. Ba don mai motar aka yi ta ba, an yi ta ne don mai tafiya a ƙasa da mai babur da duk wanda tsautsayi ya haɗa shi da motar. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai, kamar babur ɗin da aka murƙushe. Abin da ya shafi rauni a jiki ko rasa rai ba a yanka masa iyaka ba. Da a ce takardar nan ta gaskiya ce, da akwai kamfanin da za mu kai wa rahoton 'yan sanda da rahoton likita da rasit-rasit, mu nemi kuɗin jinya da na watannin da yaron ya yi bai ɗinka ko hula ba. Da yake ta jabu ce, sai muka wayi gari ba mu da kowa a gabanmu sai direban da ke kai wa mai mota balas kullum, wanda abin da ya mallaka bai wuce katifa da wayar hannu ba.

Abin da na fi so in ja hankalin jama'a a kai shi ne, rashin inshora ba ya kayar da haƙƙin wanda aka ji wa rauni. Inshora hanya ce ta biya, amma bashin yana wuyan wanda ya yi ɓarnar, kuma yana nan ko akwai kamfani ko babu. Wani lauya da ya duba mana lamarin ya bayyana mini cewa idan direba yana tuƙi ne a matsayin ma'aikacin mai mota, kuma haɗarin ya auku a bakin aikin, to ana iya haɗa su biyun a ƙara, mai motar ba zai ce ba ruwansa don ba shi ne a kan sitiyari ba. Wannan ya buɗe mini ido ƙwarai, domin a tawagar da ta zo asibiti ba a ko ambaci sunan mai motar ba, an turo mana talakan direba ne a gaba don tausayinsa ya rufe mana baki. Haka kuma mutane da yawa suna zaton idan 'yan sanda suka kai direba kotu a kan tuƙin ganganci, shi ke nan an bi musu haƙƙinsu. Tarar da za a ci shi ta gwamnati ce, ba ta majinyaci ba ce. Kotu tana da ikon umartar a biya diyya, amma sai an nema, sai kuma an kawo shaidar abin da aka kashe, shi ya sa duk wata 'yar takarda ta kantin magani take da daraja. Mu da farko muna zubar da su ne tare da ledar maganin. Sannan doka ta sa wa'adi ga shigar da irin wannan ƙara, wanda idan ya wuce kotu ba za ta saurara ba, komai girman raunin. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin Legal Aid Council, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 don tsaya wa marasa galihu, wadda neman diyyar haɗari yana cikin abubuwan da dokarta ta ba ta damar shiga.

Na san za a ce mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara, kuma yafiya ta fi. Ba na jayayya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda muka mai da kalmar ƙaddara ta zama mayafin da ake lulluɓe haƙƙin talaka da shi. Addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, kuma ayar ta bar zaɓin yafewa a hannun masu haƙƙi, ba a hannun masu zuwa ban haƙuri ba. Malaman fiƙihu sun ƙayyade cikakkiyar diyya da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, suka ce wanda ya rasa ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya yana da rabinta. Kuskure dai shi ne abin da ba a yi da niyya ba, wato ainihin abin da muke kira tsautsayi, amma duk da haka ba a ce a bar wa Allah a tashi ba. Akwai kuma wata ƙa'ida ta mazhabarmu ta Malikiyya da na so a ce dattawan nan sun tuna da ita, cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin sai a lokacin ne za a san ko gaɓar ta koma daidai ko ta nakasa. Mu kuwa a rana ta uku muke rufe magana, jini bai ko bushe a bandeji ba, likita bai san ko ƙafar za ta haɗe ba, balle a san ko mutum zai koma sana'arsa.

Wani abin lura kuma shi ne, shari'a ba ta ɗora diyyar kuskure a kan mutum ɗaya ba. Ta ɗora ta a kan aƙila, wato danginsa na wajen uba, su haɗa hannu su biya a hankali cikin shekara uku, don kada a tsiyata wanda ya yi kuskure, kada kuma a bar wanda aka cuta hannu rabbana. A yau dangi sun warwatsu, kowa yana fama da kansa, to wane ne aƙilar direban haya? A ganina ƙungiyarsa ce, wadda take karɓar kuɗi a hannunsa duk lodin da ya yi. Idan ƙungiya za ta iya turo dattijo ya zo ban haƙuri, za ta iya tabbatar da cewa babu motar da za ta yi lodi a tasharta sai an duba lambarta an ga inshorarta ta gaskiya ce, abin da ba ya cin minti biyu a waya. Waɗanda kuma zuciyarsu ba ta kwanta da inshora irin ta zamani ba saboda shubuhar riba da garari, wato rashin tabbas a ciniki, yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin NAICOM, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, waɗanda aka gina tsarinsu a kan taimakekeniya, don haka wannan uzuri ya ragu sosai.

Ba zan ɗora wa direbobi laifin duka ba. Mutum ba ya ɗaukar abu da muhimmanci sai ya ga amfaninsa, kuma a tashoshinmu da wuya ka sami direban da zai ce maka ya taɓa ganin wanda inshora ta biya. A wurinsu takarda ce ta wuce shingen 'yan sanda, to in dai don wuce shinge ne, ta jabu mai araha ma tana yi. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025, ranar da Sufeto Janar na 'Yan Sanda na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya tsayar don a fara tilasta bin dokar inshorar a faɗin ƙasa, an ƙara matsa wa masu motoci, wannan kuwa abu ne mai kyau matuƙar jami'in da ke kan hanya zai duba lambar motar a rumbun bayanai, ba ya tsaya ga kallon tambarin takarda ba. Kamfanonin inshora su ma suna da aiki a gabansu, domin ofisoshinsu a biranenmu kaɗan ne, bayanansu da Turanci suke, kuma mutumin Alƙaleri ko Darazo ba zai san inda zai dosa da takardunsa ba ko da motar da ta buge shi tana da inshora sahihiya.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani tanadi da na gano a makare. Dokar inshora ta 2003 ta umarci NAICOM ta kafa wani asusu wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne biyan diyya ga mutanen da direba marar inshora, ko wanda ya buge ya gudu ba a gane shi ba, ya kashe ko ya nakasa su nakasa ta dindindin. A shekarar 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin waccan, ita ma ta zo da tanadin asusun biyan waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Wato fiye da shekara ashirin ke nan akwai wannan magana a rubuce. Amma a duk zaman da na yi a sashen masu karaya, inda gadaje suke cike da waɗanda aka kwaso daga hanyar Jos da ta Ningi da ta Gombe, ban haɗu da majinyaci ko mai jinya ko ɗaya da ya taɓa jin labarinsa ba. Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan matsala. A Ingila tun 1946 kamfanonin inshora suke tara kuɗi a wata hukuma guda da ke biyan waɗanda direba marar inshora ya ji wa rauni, a Afirka ta Kudu kuwa ana cire wani kaso ne daga kuɗin kowace litar mai a zuba a asusun haɗurran hanya. Mu ma dokar muna da ita, abin da ya rage shi ne a nuna wa mutane ƙofar.

Saboda haka ina kira ga NAICOM da ta fito ta yi bayani da Hausa, a gidajen rediyon Bauchi da Gombe, ta faɗi wanda ya cancanci neman wannan diyya, da takardun da zai kawo, da wurin da zai kai su ba tare da ya yi tattaki zuwa Abuja a kan sanda ba. Ina roƙon 'yan majalisarmu na tarayya su tambayi nawa ne ya shiga asusun nan, kuma mutum nawa aka biya daga wannan yanki. Gwamnatin jiha kuma tana iya sa a manna sanarwa a ɗakunan gaggawa na asibitoci, kusa da inda ake biyan kuɗi, a rubuta da boko da ajami cewa a adana rasit, a karɓi rahoton 'yan sanda da na likita, a rubuta lambar motar da sunan mai ita. A wurin ne mai jinya yake tsayawa, a wurin ne kuma zai karanta. Yana da kyau a ƙara da cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, domin har yanzu akwai masu tsoron ɗaukar wanda mota ta buge.

Iyayenmu hakimai da masu unguwanni da limamai su ne suka fi kowa tasiri a nan, domin yawancin waɗannan maganganu a zaurukansu suke ƙarewa, ba a kotu ba. Sulhu alheri ne, ni ma shi na zaɓa daga ƙarshe, domin shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma ko ka yi nasara a kan wanda ba shi da komai, takardar hukunci ba ta sayen magani. Roƙona gare su shi ne kada su yarda a kawo musu maganar yafiya sai mai raunin ya farfaɗo ya yi magana da bakinsa, a kira mai motar ya zauna tare da direbansa, a jira likita ya faɗi makomar gaɓar, sannan duk abin da aka amince a rubuta shi a gaban shaidu. Idan bayan haka mai haƙƙi ya ce ya yafe, to ya yafe abin da ya san girmansa, ladansa kuma yana wurin Allah.

Mu dai da ƙyar na shawo kan yayana, wanda har yau yake ganin na ba shi kunya a gaban dattawa. Bayan wata biyu muka zauna a zauren mai unguwa, mai motar ya zo bayan aike uku, aka baje rasit-rasit a kan tabarma aka lissafa. Ya amince zai biya kuɗin asibiti da gyaran babur kashi shida, wata-wata, shi kuma ɗan yayana da bakinsa ya ce ya yafe asarar ɗinkin Sallah da ta watannin da ya yi a kwance. An biya kashi biyu, sai aka aiko mana cewa injin motar ya buga, a ƙara haƙuri. Yaron ya koma shago, yana koyon taka keke da ƙafar hagu, abin da yake ɗinkawa a yini bai kai rabin na da ba. Likita ya ce nan da wasu watanni za a sake yi masa tiyata a cire ƙarfen da ke cinyarsa, kuɗin wannan kuwa ba ya cikin takardar da muka rubuta, domin a ranar babu wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Bauchi.